Kada a Sayar da Tsohuwar Amfilifaya, Tafinta Kawai Take Bukata

A watan jiya mun yi alkawarin ci gaba da zancen littattafan ƴan lakwal, to amma wani abu ya gitta wanda bai kamata mu yi shiru a kansa ba, domin ya shafi aljihun magidanta da yawa.

Makonni uku da suka wuce muka je gaida wani dattijo, tsohon malaminmu da ya yi ritaya. Muka tarar an fito da amfilifayarsa da manyan sifikoki biyu an jingine a zaure, ana jiran mai sayen tsofaffin ƙarafa. Kayan nan mun san su tun muna yara, da su rabin unguwa take jin labarun duniya da tafsirin azumi. Muka ce: "Malam, lalacewa suka yi?" Ya ce lafiyarsu lau. Ashe ɗansa ne ya aiko masa da sabuwar talabijin irin ta bango, aka duba bayanta ba a ga ramukan nan biyu ba, ja da fari, inda aka saba soka waya. Wani mai kanti kuma ya gaya masa wai zamanin kayansa ya wuce, sai dai ya sayi sababbin sifikoki, kuɗinsu kuwa ya kusa cinye fanshon wata biyu. Ga shi kunnen tsoho ya soma nauyi, muryar talabijin ɗin kuma siririya kamar ta sauro.

Abin da Malam yake bukata ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba. Masu Ingilishi suna taƙaita sunansa da haruffa uku, DAC, masu Faransanci su ce CNA. Mu dai bari mu kira shi tafinta, don aikinsa ke nan. Salula da kwamfuta da talabijin na yanzu ba su ajiye murya sai da lambobi. Tsohuwar amfilifaya kuwa ba ta jin harshen lambobi, ita dai a ba ta ƴar wutar lantarki mai hawa da sauka yadda murya take hawa da sauka, ta ƙara mata ƙarfi, ta miƙa wa sifika. Tafinta shi ne yake tsayawa tsakani yana mai da lambobin su koma wannan wuta. Duk na'urar zamani da ke fitar da murya tana da nata a ciki. Ana sayen na waje ne idan na cikin ba shi da ƙofar fita, ko kuwa yana kawo tsuwa da gurnani.

Kafin mu shiga kasuwa, bari mu ɗan yi lissafi, tunda sana'armu ce. A shekarar 1982 kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan CD. A kan faifan nan ana auna murya sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo kuma ana rubuta shi da bit 16, wato matakai 65,536 tsakanin ƙasa da sama. Ba da ka aka zaɓi adadin ba. Masana sun tabbatar cewa in ana so a kama wani sauti daidai, sai yawan awo ya zarce ninki biyu na yawan kaɗawarsa. Kunnen yaro mai lafiya yana tsayawa wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, namu na ƴan shekara arba'in da ɗoriya ma bai kai nan ba. Ashe ke nan awon CD ya riga ya rufe duk abin da ɗan Adam yake iya ji. Saboda haka idan mai kanti ya nuna mana kwali an rubuta bit 32 da awo 384,000, ya ce don haka ne kuɗin ya ninka, sai mu yi murmushi. Ba laifi ba ne akwati ya iya wannan, amma ba dalilin ƙara ko tamma ba ne.

To, me za a duba? Na farko, a juya na'urar a ga irin ƙofar da take da ita, in da hali a ɗauki hotonta a tafi da shi kasuwa. Idan talabijin tana da ramin abin sawa a kunne, ba a ma bukatar akwati, waya ɗaya mai kai guda a nan da kawuna biyu a can ta wadatar. Idan kuwa ƙaramar taga ce mai kusurwa huɗu da jan haske a ciki, wannan ita ce ƙofar wayar haske, wadda kamfanin Toshiba ya fito da ita a 1983. A nan sai a nemi akwatin da ke karɓar wayar haske ya fitar da ja da fari, irin su FiiO D03K da ƴan'uwansa marasa suna. Mai kwamfuta shi kuma na USB zai nema, kamar Behringer UCA202, wanda ya daɗe a kasuwa.

Na biyu, masu salula su yi hattara. Tun da Apple ya cire ramin abin kunne daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, sai ƴan gajerun wayoyi masu kan USB-C suka cika kasuwa. Iri biyu ne, kuma a ido kamar tagwaye. Wata tana da tafinta a cikin kanta, wata kuwa waya ce zalla, wadda ba ta aiki sai da ƴan salula kaɗan. Mu kanmu mun taɓa faɗawa wannan rami: muka saya, muka zo gida, shiru kamar an aiki bawa garinsu, muka koma mai kanti ya ce kayan da aka buɗe ba ya dawowa. Ta kirkin ma ba tsada gare ta ba, ta kamfanin Apple dalar Amurka 9 ce a can ƙasarsu. Kada dai a sayi kifi a ruwa, a gwada da salular mutum tun a gaban mai kaya.

Na uku, a duba jikin akwatin da wutar da yake ci. Yawancin ƙananan nan bolt 5 suke sha ta USB, har ana iya ba su daga bayan talabijin. Wanda ramukansa suke girgiza in an soka waya, a bar wa mai shi kayansa, araha ba ta ado. A kuma sani cewa sau da yawa rimot ɗin talabijin ba ya rage muryar da ta bi ta wayar haske. Wanda tashi yake yi masa wuya, ya nemi akwati mai nasa rimot.

Akwai manyan akwatuna na kamfanoni irin su Topping da SMSL na ƙasar Sin, da Schiit na Amurka, waɗanda yawancinsu suke kamawa daga wajen dalar Amurka 100 zuwa sama. Kaya ne masu kyau, ba mu kushe su ba. Amma daidai ruwa daidai tsaki. A ɗakin da fanka take juyawa, yara suna guje-guje, babura suna wucewa, bambancinsu da ƙaramin akwati mai lafiya ba kowane kunne zai kama shi ba. Kuma tafinta ba ya gyara abin da aka riga aka ɓata. Faifan CD yana zuba kilobit 1,411 a daƙiƙa, waƙar MP3 da aka matse sau da yawa 128 ce kawai, balle wadda aka ɗauka da salula a gidan biki aka tura ta WhatsApp. Mai rarar kuɗi gara ya kai sifikokinsa wajen mai gyara a sake masu robar bakinsu da ta ruɓe, nan ne zai ji canji.

Mu koma gidan Malam. Mun sayo ƙaramin akwati da wayar haske, kuɗinsu duka bai kai na rabin buhun shinkafa ba. Muka cire ƴan hulunan roba da ke kawunan wayar, muka haɗa, muka kunna. Sai wata irin ƙara ta tashi kamar ana suyar ƙosai. Malam ya dube mu ta saman tabarau, irin kallon da yake yi mana a aji in mun kasa jadawalin bakwai. Kuskuren namu ne. Waɗannan ƙananan akwatuna ba su fahimtar sautin Dolby, sai an shiga tsarin muryar talabijin an zaɓi PCM. Da muka zaɓa, muryar mai karanta labaru ta cika ɗaki. Wani abin lura kuma, a bayan amfilifaya a soka ja da fari a inda aka rubuta AUX ko CD ko TAPE. Kada a kai su PHONO, wannan ta garmaho ce, murya za ta fashe. Wayar haske kuma ba a lanƙwasa ta sosai. Amfaninta ɗaya shi ne, tunda haske take ɗauka ba wuta ba, ba ta ɗauko gurnanin lantarki daga talabijin ta kai wa sifika.

Da mai sayen ƙarafa ya dawo da yamma, shayi kawai ya sha ya tafi. Malam ya ce a gaya wa jama'a, da tsohuwar zuma ake magani. Mu kuma abin da za mu ƙara shi ne, duk wanda yake da irin waɗannan kaya a ɗaki, ya tambaya kafin ya rabu da su, matambayi ba ya ɓata. Zancen littattafan ƴan lakwal yana nan, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.