Kwaɗayin launi zai ƙarar da kwaɗin Kolombiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in faɗi albarkacin bakina game da wasu kwaɗi masu dafi da Turawa ke kiwo a gida.

Jama'a, a dazukan Amurka ta Tsakiya da Kudancin Amurka ake samun waɗannan kwaɗi. Yawancinsu ba su wuce babban yatsa ba, amma ga ado: wani shuɗi, wani ja, wani ruwan ɗorawa. Launin nan gargaɗi ne ga tsuntsu da maciji. A ƙasar Kolombiya akwai wani mai ruwan zinari wanda maharban ƙabilar Embera kan goga kibiya a bayansa, kamar yadda namu maharba ke shafa dafin kwankwani.

Abin mamaki, daga abinci suke samun dafin, wato tururuwa da ƙananan ƙwarin daji. Wanda aka ƙyanƙyashe a akwatin gilashi ana ba shi ƙananan ƙudaje ba ya da dafi. Shi ya sa kiwonsu ya yaɗu a Turai da Amurka.

To, ga inda gizo ke saƙar. Iri ɗaya kan zo da launi daban-daban. A tsibiran Bokas del Toro na ƙasar Panama, kusan kowane tsibiri da nasa. Masu kiwo kuwa sai rububin launin da ba kowa ke da shi ba, kuɗi ya hau, 'yan sumoga su faɗa daji. A watan Janairun 2024 an kama wata mata a filin jirgin saman Bogota da kwaɗi 130 cikin 'yan gwangwanaye, alhali tun 1987 dokar duniya ta hana ƙetare iyaka da su ba takarda.

Ni a ganina, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Talakan ƙauye da ya kamo kwaɗo 'yan canji ake ba shi, dillali ya kwashe riba, mai saye ya yi taƙama. In launin wani kwari guda ya ƙare, ya ƙare ke nan har abada.

Saboda haka ina kira ga masu kiwo su tsaya ga waɗanda aka haifa a gida, su daina cakuɗa launi da launi. Mu kuma da muka san cinikin aku, mu yi wa kanmu faɗa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Daga wani mai kiwon tantabara, Kano.