Ɗan Aiken Kwamfuta Da Takardar Bayaninsa: Abin Lura Ga Manoman Rani

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya, ya ratsa ta Kura da Kadawa, zai ga albarkar ruwan Madatsar Tiga wadda aka kammala cikin shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga Bunkure har zuwa yankin Madobi ana noman shinkafa da tumatir da albasa, ba rani ba damina. Abin da ya daɗe yana ƙaranci shi ne malaman gona, shi ya sa ake ta maganar miƙa wa wayar hannu wani ɓangare na aikinsu.

An riga an taɓa gwada haka a Jihar Kano. Cibiyar AfricaRice ta fito da manhajar RiceAdvice mai lissafa wa manomi takin da ya dace da gonarsa, kuma binciken da aka buga cikin shekarar 2021 ya nuna amfanin gona ya ƙaru da kimanin kashi 7 cikin 100, riba kuma da kashi 10. Amma a wannan gwaji mutum ne ke riƙe da na'urar, shi ke tambayar manomi, shi ke shigar da amsa.

Yanzu kuwa zance ya sake. An samu manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira waɗanda ake aika su kamar ɗan aike: su saurari buƙata, su zaɓi kayan aikin da ya dace, ko na lissafin taki ko na hasashen ruwan sama, su yi amfani da shi da kansu. Kamfanin OpenAI ya buɗe wannan hanya a manhajojinsa cikin watan Yuni 2023, sa'an nan cikin Nuwamba 2024 kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP don haɗa irin waɗannan 'yan aike da kayan aiki. Kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da ɗan gajeren bayani, da jerin abubuwan da za a cike. Ɗan aiken ba ya ganin cikin kayan aikin. Da wannan bayani yake dogara.

To, a nan ne haɗarin yake. Alal misali, manomi a Madobi ya ce gonarsa kadada biyu ce. A bakin wasu kadada eka ce, a bakin wasu kuwa hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Idan takardar ta ce a shigar da "girman gona" kawai, ba ta faɗi ma'auni ba, ɗan aiken zai yi kintace, manomi ya sayi takin da ya ninka buƙatarsa, ko wanda ba zai kai ko'ina ba. Haka nan kalmar "buhu". Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, shi kuwa buhun NPK 15-15-15 kilo 7 da rabi kacal.

Kada a ɗauka ƙaramin abu ne. Cikin shekarar 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, domin wata manhaja tana ba da lissafi da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukarsa da ma'aunin mita da kilo.

Saboda haka tilas a auna ingancin takardar bayani kafin a saki ɗan aiken. Takarda mai kyau za ta faɗi aikin da kayan yake yi da wanda ba ya yi, ta faɗi ma'aunin kowace lamba, ta kawo misali, ta kuma bayyana abin da za a yi idan bayanin manomi bai cika ba, watau a koma a tambaye shi. Karantawa kaɗai ba ta isa shaida ba. Sai an tara tambayoyi na gaskiya, an ba ɗan aiken, an ƙidaya sau nawa ya zaɓi kayan aikin da ya dace, sau nawa ya cike lambobi daidai. Masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun kafa irin wannan jarrabawa cikin 2024. Shi ma kamfanin Anthropic, cikin Satumba 2025, ya shawarci masu rubuta bayanin da su yi shi kamar suna koya wa sabon ma'aikaci aiki.

Abin da ya rage shi ne na gida. Jarrabawar da aka shirya da Turanci ba ta san kwano da tiya ba, balle kadada mai fuska biyu. Ya kamata hukumar KNARDA da Hukumar Raya Kogunan Hadejiya da Jama'are su nemi ganin takardar bayanin duk wata manhaja da za a kawo wa manoman wannan yanki, su sa malaman gona na Kura da Bunkure da Madobi su gwada ta da Hausar da manoma ke yi a bakin gona. Tun ran gini tun ran zane. In an bari sai shuka ta yi rawaya sa'an nan a gano kuskure, manomin da ya ci bashin taki shi zai biya.