Ƙwaryar Furar Inna Ce Ma'aunina

Yau ku yi mani afuwa, ci gaban labarinmu sai mako mai zuwa, domin akwai abin da ya tsaya mani a rai.

Kowane matafiyi yana da inda ƙafarsa ta saba tsayawa. Ni nawa wata rumfa ce a bakin kasuwar Batsari, wurin wata dattijuwa da muke kira Inna. Shekarun da nake kai littattafaina Batsari da Safana, ba na wucewa sai ta dama mani fura da kindirmo, ta haɗa mani da kwaɗon rogo, rogon nan da Batsari ta yi suna a kansa.

Sai 'yan bindigar dajin Rugu suka lalata hanya. A Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya. Ni ma na ɗauke ƙafa.

Bayan zaman sulhun 2025 biki ya kai ni Safana, na ce wa direba lallai sai mun bi ta Batsari. Rumfa tana nan, Inna tana nan. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ashe rai kan ga rai!" Amma kurɓa ɗaya na yi na gane da madarar gari aka dama furar. Har na buɗe baki zan ce ba kamar da ba, sai na tambaya, "Inna, ina nonon?" Ta ce, "Mai kawo mani an kore shanunsu, sun yi ƙaura. Mai rogon kuma gonarsa a bakin daji take." Kunya ta kama ni.

A nan na gane cewa ƙwaryar fura ba ta mutum ɗaya ba ce. Akwai manomin gero a cikinta, akwai makiyayi, akwai Bafulatanar da ke tako sawu da asuba ba tare da fargaba ba. A ƙasar Jojiya, wata cibiyar nazarin tattalin arziki da ke birnin Tibilisi takan auna tsadar rayuwa da kuɗin haɗa abincinsu kacapuri, wato burodi mai cuku. To ni ma a ganina, ƙwaryar Inna ce ma'aunin zaman lafiyarmu. Ranar da kindirmo ya dawo cikinta, ranar zan yarda sulhu ya zauna, ba ranar da manya suka yi musabaha a gaban kyamara ba.

Wani zai ce ana maganar rayuka kana maganar fura. Ai furar ce ke shaida ko masu ran sun koma gona da ruga.

Roƙona biyu ne. Matafiyi, in hanya ta yi kyau ka tsaya inda ka saba, ka saya, kada ka yi ƙorafin ɗanɗano ya sauya. Mu kuma marubuta, mun cika littattafanmu da 'yan gayu masu cin abinci a Dubai, ga irin su Inna ba mai ba da labarinsu.

Allah Ya maido mana da zaman lafiya, amin.