Allura da Tilas, ko Allura da Bayani?

A wannan makon ina so in faɗi ra'ayina a kan wata magana da ake yawan musu a kanta a gida da makaranta: shin ya dace gwamnati ta tilasta wa mutane yin allurar rigakafi? Ni dai ina goyon bayan allura ɗari bisa ɗari. Amma a ganina tsoro ba ya jin bulala, bayani yake ji. Ku ba ni aron hankalinku in gaya muku dalilina.

'Yan ajinmu ba su manta da ranar da ma'aikatan lafiya suka zo mana a ƙarshen shekarar 2023 ba. Sun zo ne da allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, wadda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na wannan shekarar, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su. Kafin ma su buɗe akwatin ƙanƙararsu, magana ta zaga aji-aji cewa allurar hana haihuwa ce. Wasu suka ɓuya a banɗaki, wasu suka bi ta gonaki suka gudu gida. Ba zan yi muku ƙarya ba, har da ni a masu gudun.

Da na ba Baba labari sai ya ce, “Gara da kika taho. Ba wanda zai soka wa 'yata abin da ban san shi ba.” Iya, kakata, tana zaune a kan tabarma tana jin mu. Sai ta ce da shi, “Kai, ka dubi ƙanenka. Ni ma haka na ce lokacin masu ɗigo, na ɓoye shi a bayan rumbu har suka wuce. Je ka tambayo tukuna, kada ka yanke hukunci da ji-ta-ji-ta.” Baffana da take nufi shi ne autanta. An haife shi a 2003, kuma shan inna ta shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami. Yau a kan keken guragu yake zuwa ko'ina.

Wannan magana ta Iya ce ta sa na fara tambayar malamai abin da ya faru a wancan lokaci. Ashe a 2003 gwamnatin Kano ta dakatar da ɗigon rigakafin shan inna kusan shekara guda, saboda zargin an saka masa maganin hana haihuwa. Mu a ƙasar Kazaure maƙwabtan Kano ne, abin da aka faɗa can da safe kafin yamma ya iso kasuwanninmu. Abin da ya biyo baya ba daɗi. Cutar ta ƙara yaɗuwa a Arewa, ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20, har Sudan da Yaman da Indonesiya. A 2006 kaɗai yara sama da 1,000 ta kama a Najeriya.

Amma kada mu yi saurin cewa iyayenmu jahilci ne ya sa su haka. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano. Yara 200 aka yi gwajin da su, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin kuma ya ce cutar ce ta kashe yaran. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan ba allurar rigakafi ba ce, maganin warkarwa ne, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Ga kuma tambayar da har yau ake yi a ƙauyukanmu: me ya sa ake kawo ɗigo kyauta har ƙofar gida, amma in zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sau da yawa sai uba ya nemo kuɗin magani? Wannan tambaya ce ta masu hankali, ta cancanci amsa.

To, yaya aka yi aka shawo kan lamarin? Ba da ankwa ba ne. An sake gwada maganin, aka samo shi daga Indonesiya, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, sannan a watan Yuli na 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta amince aka ci gaba da ɗigon. Daga baya sarakuna, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, suka shigo aikin tare da hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai. Aka ɗauki matan gari, waɗanda aka san iyayensu, suna shiga gida-gida. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar shan inna ta kama a Najeriya an same shi ne a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Duk da haka ana ci gaba da ɗigon don kada a koma gidan jiya.

Sai kuma korona, wadda mu ma mun gan ta da idonmu. Ina firamare aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, muka yi watanni muna zaune a gida. Aka hana taro, aka taƙaita tafiya tsakanin jihohi. A garin Kusada na jihar Katsina, a ƙarshen wannan wata, matasa suka ƙone ofishin 'yan sanda bayan an kama wasu da suka yi sallar Juma'a duk da dokar hana taro. Ƙone-ƙone ba daidai ba ne ko kaɗan, don ba ya korar cuta, asara kawai yake ƙarawa. Malaminmu na addini ma ya koya mana cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta ɓarke, ya kuma hana fita daga cikinsa. Ke nan killacewa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Amma in aka ce da magidancin da sai ya fita zai samo abin cefane ya zauna a gida, ba a ba shi abinci ba, ba a kuma zauna da shi an yi masa bayani ba, ai an bar ƙofa a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na san akwai masu cewa, “Ai lallashi ɓata lokaci ne, a yi doka kawai.” Suna da tasu hujjar. Wanda ya ƙi allura ba kansa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba. In ƙyanda ko mashaƙo suka shiga aji ɗaya, sai su bi yara har gida, su kama jaririn da bai isa allura ba. Mun ji yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023, kuma yawancin yaran da ya kama ba su kammala allurarsu ba. Don haka na yarda hukuma tana da ikon kafa sharaɗi a wurin da jama'a ke cakuɗuwa. Gwamnatin Tarayya ta yi haka ga ma'aikatanta daga 1 ga Disamba, 2021: ko shaidar allurar korona, ko sakamakon gwaji.

Amma ku dubi aikin Hajji. Saudiyya ba ta barin maniyyaci ya shiga sai da shaidar allurar sanƙarau, kuma ban taɓa jin alhazanmu sun yi zanga-zanga a kan haka ba. Layi suke bi su miƙa hannu. Me ya sa? Saboda sun san dalili, sun kuma yarda da wanda ya kafa sharaɗin. Ashe ba dokar ce matsala ba, rashin yarda ne. In akwai yarda, doka tana tafiya salin alin. In babu, uwa za ta ɓoye ɗanta a bayan rumbu, kuma ba ɗan sandan da zai iya leƙa kowane rumbu daga Yankwashi zuwa Babura, Roni da Gwiwa.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko ga ma'aikatan lafiya: kafin ku zo makaranta da allura, ku aiko da sanarwa ko da mako guda ne, a faɗa a masallaci da gidan mai unguwa, a bar iyaye su yi tambaya ba tare da an raina su ba. Na biyu ga malamanmu: a ware mana lokaci a darasin kimiyya a bayyana mana yadda rigakafi ke koya wa jiki gane cuta tun kafin ta zo, don mu ma mu iya bayani a gida. Na uku gare mu ɗalibai: duk maganar da ba mu san tushenta ba, kada mu ɗauke ta mu kai gaba. Wadda ta fara cewa “hana haihuwa ce” a ranar nan, da aka tambaye ta inda ta ji, cewa ta yi a wayar yayanta.

Shi kuwa Baba, washegari ya je asibitin sha-ka-tafi ya yi tambayoyinsa, ya kuma yi shawara da liman. Bayan kwana uku shi da kansa ya ɗauke ni a babur ya kai ni. Hannuna ya yi tsami na kwana biyu, shi ke nan. Da a ce 'yan sanda aka turo masa, na tabbata da har yau ba a yi mini ba. Da muka dawo, Baffa yana ƙofar gida a kan kekensa. Ya tambaye ni ko da zafi, na ce kaɗan. Ya yi murmushi ya ce, “Kaɗan ɗin nan ni ban samu ba.”

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya, Ya kare mu daga annoba, amin.

Daga 'yar ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, aji biyu na ƙaramar sakandare.