Rigar Mandela Da Tafin 'Yan Kallo

Jama'ar wannan kwaleji, malamai da 'yan'uwana ɗalibai, ina so in tofa albarkacin bakina a kan fim ɗin nan da a ke kira Invictus, domin duk inda aka nuna shi sai ya bar mutane da gardama, ni kuwa ina ganin yawancin masu gardamar sun bar jaki su na dukan taiki. Ranar da 'yan kallo su ke yi wa tafi ba ita ce ranar da aka yi aikin ba.

Bari in fara da labarin a taƙaice, saboda waɗanda ba su gani ba. Wani Ba'amurke mai suna Clint Eastwood ya shirya fim ɗin cikin 2009. Morgan Freeman ya fito a matsayin Nelson Mandela, Matt Damon kuwa a matsayin Francois Pienaar, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta Afirka ta Kudu. Mandela ya yi shekara 27 a kurkuku, aka sake shi ran 11 ga Fabrairu 1990, ya zama shugaban ƙasa ran 10 ga Mayu 1994. Shekara guda bayan haka ƙasarsa ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta zari-ruga. To, ƙungiyar nan, wadda a ke kira Springbok, watau sunan wata irin barewa, abin tinƙaho ce ga Turawan ƙasar da su ka yi mulkin wariya, baƙar fata kuwa sun tsane ta har su kan goyi bayan ko wace ƙungiya ta zo karawa da ita. Kada wani ya ce ai wasa ne kawai. Cikin 1976, shekarar da aka harbe 'yan makaranta a Soweto, ƙungiyar Niyu Zilan ta tafi wasa Afirka ta Kudu, saboda haka ƙasashen Afirka fiye da ashirin, har da Nijeriya, su ka janye daga wasannin Olimfik na Montreal. Rigar wannan ƙungiya ce, mai lamba 6 irin ta kyaftin, Mandela ya sa ya fito filin Ellis Park na Johannesburg ran 24 ga Yuni 1995, ranar da Afirka ta Kudu ta ci Niyu Zilan 15 da 12 ta ɗauki kofi.

Na lura masu kallon wannan fim sun kasu uku. Na farko su ne masu hawaye da tafi, su na cewa lalle wasa shi ne maganin gaba, ƙwallo ɗaya ta haɗa kan ƙasa. Na biyu su ne masu taɓe baki, su na cewa tatsuniya ce aka shafa mata zuma don a kwantar wa Turawa hankali. Na uku kuwa sai su yi ajiyar zuciya su ce, "Kaico, ina ma mu na da irin Mandela!" Ko wane kashi ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma ba wanda ya riƙe ta duka.

Ga masu tafi, tambayata ita ce: da an cinye Afirka ta Kudu ran nan fa? Niyu Zilan ce aka fi sa wa rai, gama su na da wani ƙato mai suna Jonah Lomu wanda ya ragargaji Ingila a wasan kusa da na ƙarshe. Sai da aka ƙara lokaci sa'an nan Joel Stransky ya buga ƙwallon da ta raba gardama. Da ta kauce da taku guda, shin sai mu ce Mandela bai yi daidai ba? Ai ya sa rigar ne tun kafin a busa usur, sa'ad da ba wanda ya san abin da zai faru. Wurin da ya fi cancantar tafi a fim ɗin shi ne wurin da 'yan kallo su kan yi shiru, watau inda mutanensa na kansa su ka taru su ka yanke shawarar a soke sunan Springbok da launin rigarta, shi kuwa ya tashi ya tafi wurin taron ya ce musu ba su yi daidai ba, ya shawo kansu da ƙyar. Gaya wa abokin gaba magana mai ɗaci ba wuya. Mai wuya shi ne ka gaya wa waɗanda su ka zaɓe ka, su ka sha ɗauri da duka tare da kai, cewa kada su rama, alhali kuwa ramuwar ta na hannunsu. Nan ne shugabanci ya ke.

Masu taɓe baki kuma, ban raina maganarsu ba. Gaskiya ne cikin ƙungiyar da ta ci kofin mutum ɗaya ne tak ba Bature ba, shi ne Chester Williams. Gaskiya ne tun dokar ƙasa ta 1913 aka tattare baƙar fata a ɗan yanki kaɗan na ƙasarsu, ƙwallo kuwa ba ta mayar wa kowa da gonarsa ba. Har ma shugaban hukumar zari-ruga na ƙasar, Louis Luyt, ya kai gwamnati ƙara don ta kafa kwamitin binciken hukumar tasa, har cikin 1998, shekara uku kacal bayan kofin, Mandela da kansa ya tsaya gaban alƙali ya ba da shaida. Fim ɗin bai nuna wannan ba, domin ya tsaya a ranar murna. Amma wanda ya ce saboda haka rigar nan aikin banza ce, ya manta halin da ƙasar ta ke ciki. Cikin Afrilu 1993 wani Bature ya harbe Chris Hani, ɗaya daga cikin manyan shugabannin baƙar fata, ƙasa ta kusa kamawa da wuta. Manyan soja, da 'yan sanda, da dukiya, yawanci a hannun Turawa su ke. Mutanen da tsoro ya cika musu ciki, ga kuma bindiga a hannu, in ka ƙwace musu abin da su ke ƙauna ranar farko, ka ba su dalilin yaƙi. Mandela ya bar musu riga don ya sami ƙasar da za a zauna a yi maganar gona. Da ma haƙuri ba wauta ba ne, lissafi ne na mai hangen nesa.

Sa'an nan aikin bai tsaya a fili ba. Cikin 1996 hukumar bin gaskiya da sasantawa ta fara zama ƙarƙashin Desmond Tutu, inda waɗanda aka zalunta da waɗanda su ka yi zaluncin su ka faɗi abin da ya faru a bainar jama'a. Ita kuwa ƙungiyar Springbok, sai cikin 2018 ta sami kyaftin baƙar fata na farko, Siya Kolisi, wanda ya ɗaga kofin duniya a Japan cikin 2019, ya sake ɗagawa a Faransa cikin 2023. Mandela ya rasu tun 2013, bai ga ko ɗaya ba. Mai dashen giginya ba don bakinsa ya ke yi ba.

Saura kashi na uku, su ne kuwa na fi jin tsoronsu, domin cikinsu mu ka fi yawa. Cewa "ina ma mu na da Mandela" magana ce mai daɗin faɗi, amma ƙarƙashinta akwai lalaci, gama ta na nufin mu naɗe hannu har Allah ya aiko da wani ya yi mana aikinmu. A fim ɗin ma ba Mandela kaɗai ya yi ba. Akwai masu tsaron lafiyarsa, baƙaƙe da Turawa, waɗanda jiya su ke farautar juna yau an sa su ofis ɗaya. Akwai 'yan wasan da su ka shiga unguwannin baƙar fata su na koya wa yara ƙwallo. Mu ma nan Nijeriya ba mu rasa irin wannan kira daga sama ba. Da yaƙin basasa ya ƙare cikin 1970, Janar Yakubu Gowon ya ce ba wanda ya ci ba wanda aka ci, cikin 1973 kuma aka kafa aikin bautar ƙasa na masu digiri, aka fara wasannin ƙasa a Legas, duk don a haɗa kan matasa. Shugaba ya kan yi shela ne kawai. Ko shelar za ta yi rai ko za ta mutu, wannan ya rataya ga ƙananan mutane, malamin makaranta kuwa ya na sahun gaba.

Ya ku 'yan'uwana, gobe za a ba ko wannenmu aji mai ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe da ɗan Ibo, Musulmi da Kirista, watakila ma har da yaran da iyayensu ba su ga maciji. Ranar da za ka zaɓi monita ko kyaftin ɗin ƙwallo, yaron da ya fi cancanta ba yarenku ɗaya ba, 'yan garinku kuwa sun zuba maka ido, ran nan aka miƙo maka taka rigar. Ba mai ɗaukar hoto, ba mai tafi, watakila ma a zage ka. Amma yara arba'in su na kallo, abin da su ka gani kuwa shi za su kai gida, gama icce tun ya na ɗanye a kan tanƙwara shi.

Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar yin adalci ko da a kan namu ne, amin.