Odifus bai kafa kwamiti ba

Wani ɗan littafin taƙaita darasi, irin wanda yaranmu ke haddacewa ana gobe jarrabawa, ya ɓata mini rai a makon nan. Ya dunƙule wasan Sarki Odifus na Sofokilis a layi guda, wai ba a tsere wa ƙaddara. Shi ke nan, an sallami wasan da mutanen Atina suka kalla wajen shekara ta 429 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ba na musun cewa a gidan duba na Delfi an faɗa wa Odifus zai kashe ubansa ya auri uwarsa, ya bar Korinti don gudun haka, ya kashe wani dattijo a mararraba bai san Layus mahaifinsa ne ba. Amma duk wannan ya wuce da shekaru kafin a fara wasan. Abin da ake gani a dandali bincike ne. Annoba ta sauka a Tibis, garin da Odifus ke sarauta, dabbobi na mutuwa, mata ba sa sauka lafiya, aka ce ba za ta ɗauke ba sai an fitar da wanda ya kashe tsohon sarki Layus. Odifus ya tsine wa mai laifin a bainar jama'a, ko wane ne. Makahon mai duba Tiresiyas ya roƙa a bar shi ya koma gida. Matarsa Jokasta, wadda ita ce uwarsa, da ta hango inda zaren ya nufa, ta ce ya haƙura haka nan. Tsohon makiyayin da aka miƙa wa Odifus yana jariri mai sokakkun idon sawu ya ƙi buɗe baki, sai da sarki ya sa aka murɗe masa hannu ta baya. Duk wanda ya buɗe masa ƙofar tsira, shi da kansa yake rufe ta.

Masu cewa zafin zuciya ne ya kayar da shi, na ji, ai ya zargi surukinsa Kiriyon da cin amana ba hujja.

Ga ciwon da ke damuna. Mu a nan, sai a kafa kwamitin bincike, a sha shayi, a ɗauki hoto, rahoto ya kwana a aljihun tebur, sannan a ce wa iyayen mamata ƙaddara ce. Kunya ce a koya wa yara wannan amsar malalata da sunan adabi. Shi Odifus, da bincikensa ya ƙare a kansa, bai nemi a ƙara wa kwamiti wata shida ba. Ya zare ƙarafan da Jokasta ke maƙale tufarta da su, ya tsokale idanunsa, ya roƙi Kiriyon ya kore shi daga garin.