Huhun Jariri Yana Da Nasa Lokaci

Idan aka haifi bakwaini a cikinmu, sau da yawa mukan ji ana cewa asiri ne, ko kuwa uwar ce ta yi sakaci. Mu dai muna ganin lokaci ya yi da matasan ikilisiya za su san yadda huhu yake ginuwa a ciki, domin wannan sani yana iya ceton rai.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya. Abin da ya sa wata ta zama huhu, wata ta zama hanta, shi ne waɗanne aka kunna, waɗanne aka kashe, kuma a wane lokaci. Wajen mako na 4 bayan samun ciki, wata ƙwayar gado mai suna NKX2-1 takan fara aiki a wani ɗan wuri a bututun da zai zama hanyar abinci, daga nan huhu ya toho. Sai naman da ke kewaye ya riƙa fitar da sinadarin FGF10, yana kiran tohon ya miƙo. Bakin tohon kuma ya mayar da saƙon SHH, wanda ke rage wannan kira a daidai inda ya taɓa. Saboda haka sai reshe ya rabu biyu, kowanne ya bi gefensa. Haka ake ta yi har hanyoyin iska su yi rassa kamar bishiya.

Rassa kaɗai ba sa isa a yi numfashi. Huhu yana bukatar wani ruwa mai santsi, safaktan, wanda ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa bayan an fitar da numfashi. Ana fara yin sa wajen mako na 24, amma ba ya wadata sai wajen mako na 34 ko 35. A 1959, Mary Ellen Avery da Jere Mead suka nuna cewa rashinsa ne ke sa bakwaini da yawa kasa numfashi. A 1972 kuma, a ƙasar Niyu Zilan, Graham Liggins da Ross Howie suka nuna cewa allurar sitiroid ga uwar da za ta haihu kafin lokaci tana hanzarta nunar huhun jaririn, domin maganin yana tayar da ƙwayoyin gadon da ke yin safaktan. Wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 2020, wanda aka yi a asibitocin ƙasashe 5 har da Nijeriya, ya tabbatar cewa allurar deksametason tana rage mutuwar irin waɗannan jarirai.

Allurar tana bukatar lokaci, aƙalla kwana guda kafin haihuwa ya fi, kuma sai ma'aikacin lafiya ya tabbatar da makonnin cikin, ya kuma ga babu wata cuta da za ta hana. Ba a chemis ake saye a yi a gida ba.

Wani zai ce ai rai a hannun Ubangiji yake. Gaskiya ne, kuma shi ne ya tsara wa huhu waɗannan makonni. Idan 'yar'uwa ta fara naƙuda a wata na bakwai muka riƙe ta a gida muna addu'ar kwana, awannin da jaririn yake bukata muke cinyewa. Mu yi addu'ar muna kan hanyar asibiti.

Saboda haka, mu ƙarfafa yayyenmu da matanmu su fara awon ciki da wuri domin a san makonnin cikin daidai. Wanda ke da babur ko mota ya ba mai ciki lambarsa. Kuma idan bakwaini ya zo, mu daina gulma, mu kai wa uwar abinci, mu ɗebo mata ruwa. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.